Ɗaya, Uku, Huɗu, Biyu

Damina uku mijina ya ajiye mataccen ƙarfe a tsakar gidana, daidai inda nake shanya kuɓewa da barkono, kuma bai tambaye ni ba. Na faɗa masa a lokacin, na faɗa wa 'yan'uwansa, ga shi yanzu ina rubutawa da hannuna: bai kyauta ba. Gidanmu na Nassarawo ba wani babba ba ne. Ɗaki uku ne da zaure da madafa, sai ɗan fili a tsakiya, filin nan kuwa nawa ne tun ranar da aka kawo ni daga Yola Gari. Wata Lahadi na dawo daga gaisuwar rasuwa na tarar an fasa katanga ta gefen titi, an kafa ƙofar langa-langa, an turo wata tsohuwar a-kori-kura an girke ta a kan duwatsu.

Taya biyu babu. Gilashin gaba ya tsattsage. Kujerar ciki kashin kaji ne tun daga sama har ƙasa, launin jikinta kuwa sai dai zato, ni na ce shuɗi ne, shi ya ce ruwan toka. A Sangere ya gan ta, bayan gidan wani manomi da ya je kai wa turare, kaji suna ƙwai a cikinta. Irinta ce, in ji shi, baffansa yake tuƙawa yana kawo busasshen kifi daga Borno, kuma a cikin irinta ya fara riƙe sitiyari yana saurayi.

Na ce, "Malam, wannan gawar wa ce?"

"Mota ce."

"Mota tafiya take yi. Wannan ɗauko ta aka yi kamar mara lafiya."

"Za ta tashi. Ke Bafillatana me kika sani in ba saniya ba?"

"Saniya in ta kwanta yanka ta ake yi a ci nama. Wannan fa, me za a ci?"

Ya yi dariya, a zatonsa wasanmu ne na kullum. Shi Babarbare ne, ni Bafillatana, tun ranar aurenmu yake ce mini baiwarsa ina ce masa bawana, yadda kakanninmu suka saba. Ran nan kam ba wasa nake yi ba.

Mijina ba bakanike ba ne. Turare da huluna yake sayarwa a kasuwar Jimeta. Karatun allo ya yi mai zurfi, har mutanen unguwa suna kiransa Modibbo, wato malami da Fillanci, amma bai taɓa shiga aji na boko ba, kuma bai taɓa mallakar mota ba. Ba don ya yi haya da ita ya kawo ta ba, ba kuma don ya sayar ba. Na tambaye shi fiye da sau goma me zai yi da ita in ta tashi, amsarsa ɗaya ce: so yake ya ji ƙararta. 'Yan'uwansa suka ce ya kira bakanike a gama a sati biyu. Ya ce in bakanike ya tashe ta, motar bakanike ce ta tashi, ba tasa ba.

Kullum in ya dawo kasuwa bayan la'asar sai ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya sa wata tsohuwar singileti, ya zauna. Darona na wanki ya zama na wanke ƙarafa da kalanzir, har yau bai biya ni shi ba. Duk abin da ya kwance sai ya goge shi ya jera a kan tabarma, na fari a gefen dama, na biye kusa da shi, haka har ƙarshen tabarma, don kada ya manta yadda zai mayar. Mutumin da duk Jimeta ta san shi da ƙamshi sai ga shi yana zuwa cin tuwo yana warin baƙin mai. Ni kuwa shanyata ta koma kan rufin madafa, ina hawa turmi ina miƙa tire, da shekaruna.

Abokin wannan shiririta shi ne maƙwabcinmu na bayan katanga, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, Kirista daga kudancin jiha. A aljihun gaban motar an sami littafinta da Turanci, gara ta cinye kusan sulusinsa daga baya. Duk Asabar da safe Hedimasta zai shigo da tabaransa da kujerarsa, ya karanta ya fassara, Malam yana kwance a ƙarƙashin mota sai ƙafafunsa ake gani.

"Modibbo, littafi ya ce ka ɗaure shi da kyau amma kada ya yi yawa."

"Da kyau ɗin nawa ne?"

"Bai faɗa ba. Ya ba da lamba."

"To ka bar mini lamba, Hedimasta. Kai dai karanta mini Turancin. Shekara talatin ina kasuwa, lamba ba sai an karanta mini ba."

"Motan nan yana da taurin kai kamar mai shi."

Shi Hedimasta bai san komai a injin ba, keke ma ɗansa ne yake gyara masa kafin ya tafi aiki Legas. Hira ce ke kawo shi, da shayin da nake dafa musu ina gunaguni.

A damina ta biyu na shiga makaranta. Matar Hedimasta ce take koyar da ajin manyan mata a firamaren unguwa da yamma, bayan yara sun tashi. Ta daɗe tana bina. Abin da ya kai ni kuwa gajiya ce da dangwala yatsa. Duk inda aka miƙo takarda, a asibiti ko wurin zaɓe, sai a kama hannuna a danna a tawada kamar an kama ɓarauniya. Na wuce arba'in da biyar, ina da jikoki, na zauna a bencin da gwiwata ba ta shiga ƙarƙashin teburinsa.

Haruffan ba su ba ni wahala sosai ba. Hannuna ne ya ba ni wahala. Na yi allo ina yarinya a Yola Gari, shekara shida, kuma hannu bai manta ba. Da zarar na ɗauki fensir sai ya tafi gefen dama na takarda da kansa. Malama ta rubuta kalma a allon bango, ni kuma in kwafe ta tsaf, kowane harafi daidai, amma daga dama zuwa hagu, sai ta fito a juye. Littafin rubutu ma ta baya nake buɗe shi.

"Adda, daga hagu," in ji Malama, tana ƙwanƙwasa tebur da alli. Adda ake ce mini a unguwa, wato yaya da Fillanci.

"Malama, hannun ne ba ya ji."

"Zai ji. Kawo shi nan."

Ta zare zare ja daga bakin gyalenta ta ɗaura mini a wuyan hannun hagu, ta ce duk inda zaren yake, daga nan ake farawa. Wata uku ina yawo da zare kamar jaririya, matan aji suna ce mini mai laya. Ba ni kaɗai ba ce mai wannan cuta, duk waɗanda suka yi allo a cikinmu sun yi ta, sai dai tawa ta fi daɗewa.

Da ido ya buɗe sai na zama fitina. Gwangwanin madara, buhun shinkafa, allon shagon tela, bayan motar haya, ba abin da nake bari. Ko ban san ma'anar Turancin ba sai na haɗa haruffan na furta. Abin da ya fi kusa da ni kuwa mai rubutu a jiki shi ne a-kori-kurar nan. Ashe kusan kowane ƙarfe a cikinta da rubutunsa. Ina shara sai in tsaya in ɗaga wani abu daga kan tabarma in karanta, in mayar inda yake kafin ya dawo. Daga karanta rubutu na fara tunanin me abin yake yi. Wannan mai kama da ƙaramin kofi fa? Wannan mai haƙora kamar zarto, me yake ci?

Haushina bai tafi ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Amma na fara kawo kujerata kusa da mota in zan tsince shinkafa, ina tambaya kamar ban damu ba. Shi kuwa ashe jira yake a tambaye shi.

Wata rana na nuna wasu baƙaƙen wayoyi huɗu masu kauri na ce na mene ne. Ya ce injin nan ɗakuna huɗu gare shi a jere, kowane ɗaki da filoginsa mai ƙyasta wuta. Ya nuna mini lambobin da ya rubuta musu da farin fenti, na ɗaya shi ne na kusa da fanka, haka Hedimasta ya karanta masa a littafi. Sannan ya nuna wani baƙin murfi mai kama da kofi a kife, da ramuka huɗu a zagaye, ya ce shi ne mai rabon wuta. Kowace waya daga ramin murfin take tashi ta je wurin filogi guda.

"Kin san lugude?"

"Ni za ka tambaya lugude?"

"To mata huɗu ne a kan turmi. In kowace ta saki taɓaryarta a lokacinta, daka ya yi daɗi. In biyu suka sako tare, ko wata ta riga wata?"

"A fasa wa wata baki."

"Haka injin yake. Wuta ba ta bin ɗakunan a jere, tsallake take yi, kuma da ƙa'idarta."

Ya nuna mini ɗigon fenti a kan ramin da ake farawa, da kibiyar da ya karta da ƙusa don ya san ta inda abin yake juyawa. Na ce ina ya san ƙa'idar, tunda gara ta cinye littafi. Ya ce a jikin injin aka zuba ta, ya karanta da kansa. Ban duba ba a ranar, tuwona yana kan wuta.

Ƙarshen damina ta uku ya gama haɗa komai. Ya samo taya, ya sauke ta daga kan duwatsu, ya ɗinke kujera da kansa, ya sayo batir. Lokacin da ya sa wayoyin nan Hedimasta yana ƙauyensu, wansa ya rasu. Ranar da za a fara tayarwa har sabuwar hula Malam ya sa. Ya murɗa makulli, injin ya juya, ya yi tari, sai wani harbi kamar bindigar maharba. Awakina suka tsallake turke. Mota ba ta tashi ba.

Haka aka yi ta yi har rani ya shigo. Ya kwance kafireto ya wanke ya mayar, ban san sau nawa ba. Ya canja filogi. Ya zubar da man ya sayo wani. Batir ya mutu a kai caji a dawo da shi. Kullum tari da harbi, wani lokaci har da harshen wuta. Maƙwabta suka fara yi masa kirari da mai bindiga. Ya rage dariya, ya rage hira da Hedimasta, Asabar ma sai su zauna suna kallon injin.

Sai ga zafin Jimeta na gab da damina, irin wanda mutum ke kwana a tsakar gida, ni kuwa ba ni da tsakar gida. Ran nan ina share ƙarƙashin motar na jawo saɓar maciji doguwa. Jikokina a nan suke wasan ɓuya in sun zo. Na ɗauke ta da tsintsiya na kai har gaban su Malam, ranar Asabar ce, na ajiye a kan littafin.

Na ce, "Ruwan damina ta huɗu ba zai sauka a kan wannan abu a gidan nan ba. Ko ta fita da ƙafarta ko a fitar da ita."

Na zaci zai ce mini Bafillatana, mu yi ta yi yadda muka saba. Ya daɗe yana kallon saɓar. Sannan ya ce, a gaban Hedimasta, "Wallahi in ba ta tashi ba nan da Asabar ta sama, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ɗauka."

Hedimasta ya ce, "Modibbo, ba a rantsuwa da zafi."

"Ba zafi ba ne. Gaskiya ta faɗa."

Na samu abin da nake nema shekara uku, kuma ban ji daɗin da na zata ba.

Ranar Laraba Malam ya zo da ɗan gwangwan ya duba. Wani gajere ne mai jan ido. Ya zagaya motar yana bubbuga jikinta da tafin hannu kamar mai taya rago, ya leƙa injin da Malam ya goge har yana ƙyalli, bai ko tsaya ba.

"Alhaji, wannan ai kwandem ne. No wahala, Asabar da hantsi za mu zo da wuta mu yanka shi gida uku, ya fi sauƙin ɗauka."

"A nan za ku yanka?" in ji ni daga bakin madafa.

"A nan, Hajiya. Minti kaɗan ne."

Da ya tafi na ce wa Malam rantsuwa ai tana da kaffara, shi ya fi ni sani. In kwana goma yake so a ƙara, ko wata, ni na yarda, a dai share ƙarƙashinta. Ya ce ba rantsuwar ce ta dame shi ba. Ya ce duk abin da kansa ya sani ya yi, ya sake yi, babu saura. In mutum ya kasa, ya kasa, kuma ya fi son a ɗauke ta da ya riƙa fitowa kullum yana ganin abin da ya fi ƙarfinsa. Shekara talatin da aure ban taɓa jin ya ce wani abu ya fi ƙarfinsa ba. Abin ya tsaya mini a rai, tare da tambayar da ta hana ni sakat: abu an wanke, an goge, an mayar da kowane ƙarfe gidansa, me ya hana shi tashi?

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya yi gwajin ƙarshe. Hedimasta ya murɗa makulli, Malam yana sunkuye a kan injin. Ta yi tari sau biyu, sai wuta ta yi tsalle daga kafireto ta lashe masa gefen gemu. Ya shafa wurin, ya duba tafin hannunsa. Ya cire kan batir, ya sauke bonet a hankali, ya rataye makulli a ƙusar zaure, ya yi alwala ya fita la'asar. Hedimasta ya ɗauki kujerarsa, ya ce mini, "Adda, sai haƙuri," kamar an yi rasuwa.

Gida ya yi shiru. Na ce tunda gobe za a yanka ta, bari in yi mata kallon ƙarshe in karanta abin da ban karanta ba. Na ɗaga bonet na tokare da sandan da yake tokarewa. Injin yana da ɗumi, yana warin fetur da ƙonannen gashi. Na bi jikinsa da yatsa har na sami wurin da ya ce an zuba ƙa'idar wuta. Wasu kalmomi biyu ne na Turanci da ban gane ba, sai lambobi huɗu a rarrabe, da ɗan layi tsakanin kowace. Na karanta a fili yadda Malama ta koya mana: ɗaya, uku, huɗu, biyu.

Sai na ce bari in gani ko zan iya bin wayar, don dai in ga yadda luguden yake. Na sa yatsa a ramin mai ɗigon fenti, na bi wayarsa a hankali har inda ta ƙare. Ɗaki na biyu. Na ce na yi kuskure, na sake bi. Na biyu. Na bi kibiya zuwa rami na gaba, wayarsa ta kai ni na huɗu. Na gaba, na uku. Na ƙarshe, na ɗaya.

Biyu, huɗu, uku, ɗaya. Na dubi lambobin jikin injin na sake duban wayoyin. Sai na ji dariya tana taso mini, irin wadda ba ta da daɗi, don na san wannan cuta, na yi jinyarta wata uku. Na shiga ɗaki na ɗauko littafina na aji na rubuta jerin biyu, ɗaya a kan ɗaya, na tabbatar ba idona ne ke yi mini wasa ba.

Ban yi masa magana da ya dawo ba. Na bari ya yi magariba, na ajiye masa tuwo, ya ci loma kaɗan ya ture. Sannan na ce, "Malam, lambobin nan na jikin injin, faɗa mini su."

"Me za ki yi da su?"

"Kai dai faɗa."

"Biyu, huɗu, uku, ɗaya. Ko a barci aka tashe ni."

"Ɗaya, uku, huɗu, biyu."

"Haka kika haddace? To kin juya."

"Kai ka juya. Daga dama ka karanta."

Ya ɗago ya dube ni. "Da a manne suke, da na ce dubu da ɗari uku da arba'in da biyu, wannan kowa ya sani. Amma a rarrabe suke, kowace da gidanta. Jeri ne. Jeri kuwa daga dama ake fara shi."

"A allonka. Wanda ya zuba ƙarfen nan bai yi makarantar allo ba."

"Jiya-jiya kika koyi riƙe fensir."

"Shi ya sa ban manta ba. Hedimasta ya taɓa ganin lambobin nan?"

Ya ƙara ture kwanon tuwon, ni kuwa na ci gaba.

"Bai gani ba, don ka ce a bar maka lamba. Babarbare da taurin kai. Ka ce mata huɗu ne a kan turmi, to duk huɗun ka ba su taɓarya a lokacin da ba nasu ba."

Na miƙa masa littafina. Ya riƙe shi kusa da fitila ya daɗe yana kallo, ina ganin idonsa yana tafiya daga wannan gefe ya dawo wancan. Na zaci zai miƙe ya ɗauki makulli. Sai ya rufe littafin ya ajiye a kan tabarma.

Ya ce, "Sau nawa na ce wannan karon na gano? Na ce kafireto ne. Na ce filogi ne. Na ce mai ne. Kowane karo sai na kira Hedimasta, unguwa ta ji harbi. Ba zan sake buɗe bonet ɗin nan ba. Na rufe."

"Waya huɗu ce kawai."

"Na rufe, na ce."

"To ni ka hana ni?"

Ya ɗauki butarsa. "Ban ce komai ba."

Ni ma ba wai na tabbata ba ne. Abin da na sani shi ne ya karanta a juye. Ko akwai wata cutar bayan wannan, ban sani ba, kuma in na taɓa ta yi harbi, ni za a yi wa dariya har kasuwa: matar Modibbo ta yi aji biyu ta zama bakanike. Wannan bai dame ni sosai ba. An yi mini dariyar zare wata uku ban mutu ba.

Da asuba ya tafi masallaci, kuma al'adarsa ba ya dawowa sai rana ta fito. 'Yan gwangwan sun ce da hantsi. Gari yana yin haske na tuɓe awarwarona na ajiye a kan turmi, na ɗaure zani tamau, na ɗauko makulli daga ƙusar zaure. Na ɗaga bonet, na buɗe littafina na ɗora dutse a kai.

Da farko na so in canja wayoyin ta wajen filogi, sai na ga ba tsawonsu ɗaya ba, gajerar ba ta kai ɗakin nesa. Na bar su a can, na cire duk huɗun daga kan murfin. Suna da tauri, sai da na murɗa na ja, ɗaya har ta sa na buge gwiwar hannu. Na kamo wadda ta fito daga ɗaki na ɗaya, na kusa da fanka, na danna ta a ramin mai ɗigon fenti har na ji ta zauna. Na bi kibiya: ta uku, ta huɗu, ta biyu. Na sake bin kowace da yatsa sau biyu ina faɗa a fili. Na mayar da kan batir na ƙwanƙwasa shi da sifana yadda yake yi.

Ban taɓa zama a kujerar direba ba sai ran nan. Na girgiza giya na ji tana lilo, alamar ba ta cikin komai, wannan na gani ya fi sau ɗari. Na ja cok, na taka totur sau biyu, na yi bisimilla, na murɗa makulli.

Ta yi tari. Ta sake yi, motar duka ta girgiza, sannan ta kama, ƙara mai kauri tana tafiya daidai ba tsallake, baƙin hayaƙi ya cika tsakar gida. Na bar ƙafata a kan totur na ƙara dannawa kaɗan, don masallacin yana ƙarshen layi, kuma ina so ya jiyo daga can.